Rigimar DAC da kat ɗin sauti, inda gani yake korar ji

Akwai wata ƙara da kwamfutata ta kusa haukata ni da ita, kusan shekara guda muna fama. Da rana ba ka jin ta sosai saboda hayaniya, amma da dare in gari ya yi tsit na ɗora hedifon a kunne, tun kafin in kunna komai sai in ji wani siririn zzzz kamar sauro ya maƙale a ciki, in na motsa maus ƙarar ta canza murya, in na ja shafi ƙasa ta yi tsiii, in kuwa na buɗe gem to shikenan sai ta koma kamar ana wasa wuƙa daga nesa. Na canza hedifon, na canza waya, har soket na canza, tana nan daram.

Da na fara tambaya sai na tarar masu ba da shawara sun kasu gida biyu kuma kowa da zafinsa. Wasu suka ce ai sautin da yake zuwa a jikin madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, shara ne, ka sayi kat ɗin sauti ka soka a ciki. Wasu suka ce kat ɗin sauti tsohon yayi ne, yanzu DAC ake yi, ɗan akwatin nan da ake jonawa ta USB. Ni kuma da yake tun ina yaro kat na sani, kat na saya. Na buɗe kwamfuta na soka shi daidai ƙasan kat ɗin hoto don nan ne kaɗai ramin da ya rage, na sa direba, na kunna, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba, ga kuma sabuwar matsala, duk sanda Windows ta yi sabuntawa sai manhajar kat ɗin ta manta saitina ko ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. Tsugune ba ta ƙare ba kenan, an sai da kare an sayi biri. Abun da ya kashe ƙarar a ƙarshe wata 'yar guntuwar waya ce da na saya don wayar hannu, irin mai USB-C a gefe ɗaya da ramin hedifon a ɗaya gefen, ita ma ɗan ƙaramin DAC ne a cikinta, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goman na kat ɗin ba. Na jona ta da wasa kawai, sai na ji shiru, shirun da har sai da na duba ko hedifon ɗin ne ya mutu.

Tun daga ranar ra'ayina ya zauna kuma har yau bai canza ba: yawancin gardamar da ake kan wanne ya fi daɗin sauti tsakanin DAC mai araha da kat mai araha gardamar banza ce. In ba za ka iya faɗar sunan ciwon da ke damun sautinka ba, kar ka sayi ko ɗaya.

Su kansu sunayen suna ruɗa mutane. DAC ba wani sabon abu bane, cif ne da yake juya lambobin da ke cikin fayil su koma lantarki mai hawa da sauka wanda zai girgiza sifika. Wayarka tana da shi, laftof ɗinka yana da shi, talabijin ma haka, duk abun da yake fitar da sauti daga fayil yana da shi. Shi kuma kat ɗin sauti ai DAC ne a cikinsa, sai aka ƙara masa cif mai yin akasin haka don ɗaukar murya daga makirfo, da ɗan amfilifaya, da manhaja. Kaga wanda yace DAC ya fi kat kamar wanda yace inji ya fi mota ne. Tambayar gaskiya ita ce a ina cif ɗin yake zaune, me aka kewaye shi da shi, kuma waɗanne ramuka aka ba ka.

Kat ya yi zamaninsa, wannan ba a musu. A da kwamfuta ba abun da ta iya sai ɗan fiii-fiii na ƙaramar sifikar cikinta, sai AdLib ta fito da kat a 1987, kamfanin Creative na Singafo ya biyo da Sound Blaster a 1989 ya kwashe kasuwar kaf, har ya zamana gem in bai dace da Sound Blaster ba ya shiga uku. Daga baya Intel ta kawo tsarin AC'97 a 1997, sannan HD Audio a 2004, sauti ya dawo jikin madabod, galibi da cif ɗin Realtek na Taiwan. Amma bugun da ya fi yi wa kat illa shi ne Windows Vista da ta shigo hannun jama'a a farkon 2007, ita ce ta toshe hanyar da gem yake bi ya miƙa aikin sauti kai tsaye ga cif ɗin kat ta DirectSound3D, wanda a kansa ne EAX ɗin Creative ya dogara, irin amsa-kuwwar nan da kake ji in ka shiga kogo a gem. Daga nan lissafin sauti ya koma kan furosesa, kuma furosesar yau ko a jikinta. To babban dalilin da ya sa ake sayen kat a da ya riga ya wuce, abun da ya rage masa ramuka ne da manhaja, zan dawo kansu.

Su kuma 'yan DAC inda suke ba ni haushi shi ne lambobin jikin kwali. 32-bit, 384 kHz, wani ma 768, an rubuta da manyan baƙi kamar lambar yabo. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa da bit 16, kuma ba da ka aka zaɓi wannan ba, a lissafi yana iya riƙe duk sautin da bai wuce rabin wannan lambar ba, wato har 22,050 Hz, kunnen ɗan adam kuwa a kusan 20,000 yake tsayawa, shi ma na yaro ne, in ka haura talatin ka gwada kanka da kanka za ka sha mamakin inda naka ya tsaya. Bit 16 kuma yana ba da tazarar kusan desibel 96, wato ma'aunin ƙarfin sauti, tsakanin mafi ƙarfin sauti da ƙasan shiru. Bit 24 a takarda 144 ne, kuma babu na'urar da take kaiwa nan a zahiri don su kansu kayan lantarkin suna da 'yar ƙararsu ta zafi da ba a iya cirewa, balle 32. Bit 24 yana da amfani sosai wajen ɗaukar sauti da haɗa shi a situdiyo, a nan kana buƙatar fili, amma kai da kake zaune kana sauraro a ɗakin da fanka take juyawa, ina za ka kai shi?

An ma gwada. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun buga wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, suka riƙa kunna wa mutane faifai masu babban inganci, wani lokacin kai tsaye wani lokacin an rage su zuwa matakin CD ba tare da mai sauraro ya sani ba, a gwaji sama da 500 kusan rabi aka ci rabi aka faɗi, daidai da wanda yake canki-canka. Don adalci, a 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara gwaje-gwaje irin waɗannan da yawa ya ce akwai ɗan bambancin da ake iya ji, musamman ga waɗanda aka horar, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, kashi 52 da ɗoriya cikin ɗari. Ni ban ce babu ba. Nace wannan ba shi ne "dare da rana" da ake cika mana kunne da shi ba.

Sai kuma ƙabilancin cif. Kowa da kamfanin cif ɗin da yake bi, wannan yace shi ɗan ESS Sabre ne, wancan yace AKM ta fi laushi da ɗumi, wani yace Cirrus Logic. A watan Oktoban 2020 gobara ta ci masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan, cif ɗinsu ya yi wuya a duniya, kamfanoni da yawa dole suka sauya, FiiO K3 da ya fara da AK4452 ya dawo da ES9038Q2M, Schiit Modi da yake kan AK4490 ya fito a matsayin Modi 3E da cif ɗin ESS. Akwatin shi ne, aikin shi ne, mutane suka ci gaba da saye suna jin daɗinsu. Cif iri ɗaya za ka iya samunsa a na'ura mai tsafta da kuma na'ura mai ƙazanta, ya danganta da yadda aka tace wutar da ke shiga masa da yadda aka shimfiɗa layukan bod ɗin, amma wannan ba ya rubutuwa a kwali shi ya sa ba a tallarsa.

Inda bambanci na gaske yake, wanda ko kakarka za ta ji, wuri uku ne a iya abun da na gani.

Na farko irin ciwona, ƙara. Cikin kwamfuta waje ne mai datti ta fuskar lantarki, kat ɗin hoto yana jan wuta yana saki sau dubbai a daƙiƙa, ga fawa sufulai, ga fankoki, shi kuma sautin da ya riga ya koma lantarki siriri ne, komai yana iya hawa kansa. Mafi muni ramin gaban kwamfuta, don wata doguwar siririyar waya ce take ɗauko sautin daga bayan bod ta ratsa duk wannan hayaniyar ta kawo gaba, sau da yawa ko rufin kariya ba ta da shi. Ni kuskurena kenan, na sayi kat amma na ci gaba da jona hedifon a gaba don nan ya fi min kusa. Kafin ka kashe ko sisi, zagaya ka soka a ramin baya ka ji. Mutane da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa. DAC na USB yana cin nasara a nan ne don kawai lambobi ne suke fita daga kwamfutar, juyawar a waje ake yi, nesa da dattin.

Na biyu shi ne wanda ba a cika maganarsa ba kuma a ganina ya fi sunan cif muhimmanci sau goma, wato turjiyar ramin da kake jona hedifon, da ohm ake auna ta. Hedifon yana da nasa ohm ɗin, ramin ma yana da nasa, su biyun raba wutar suke a tsakaninsu. In hedifon ɗinka 32 ne ramin ma 32 ne, rabin ƙarfin a ramin yake zubewa bai kai kunnenka ba. Abun bai tsaya nan ba, turjiyar hedifon ba ɗaya take ba daga bes zuwa siririn sauti, tana hawa tana sauka, to in ta ramin tana da yawa sai wani sashe ya samu wuta fiye da wani, bes ya kumbura ya yi lagwab ko sama ta dushe, musamman a ƙananan iyafis masu sifika biyu ko uku a ciki. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ta ramin kar ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon, wato mai 32 yana son rami mai 4 ko ƙasa. Madabod da yawa nasu ya haura goma-goma, kuma da wuya ka ga sun rubuta. Yawancin waɗanda suka ce sun sayi DAC sauti ya washe gaskiya suka faɗa, sun ji bambanci, amma wannan suka ji, ba wai cif ɗin ba.

Na uku ƙarfi. Hedifon irin Sennheiser HD 600 mai ohm 300, ko Beyerdynamic DT 770 Pro da yake zuwa kala-kala, 32 da 80 da 250, in ka ɗauko mai yawan ohm yana son bolt da ɗan dama, in ka ƙure bolum kana ji kamar daga ɗakin maƙwabta to amfilifaya kake nema, ba DAC ba. A nan ma akwai wani abun dariya, 'yar wayar USB-C ɗin Apple da ta fito a 2018, wadda masu aune-aune suke yaba tsaftarta, kala biyu ce, ta kasuwar Amurka tana ba da kusan bolt 1, ta Turai rabin haka saboda dokokinsu na kare ji, a ido kuma kusan ba ka bambance su. Mutum biyu za su yi ta musu, ɗaya yace tana da ƙarfi ɗaya yace ba ta da shi, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa.

Bari in tona wa kaina asiri. Bayan na rabu da ƙarar sai ƙaiƙayin saye ya kama ni, na aro wani DAC na tebur wajen abokina, mai nauyi, jikinsa ƙarfe, da 'yar fitila shuɗiya, na haɗa da amfilifaya. Wallahi daren farko na rantse na ji abubuwan da ban taɓa ji ba, numfashin mawaƙi, yatsa a kan tsirkiya, faɗin fili. Ƙanena da yake ɗan gardama ne yace mu gwada. Muka kunna sauti ɗaya tsayayye na 1,000 Hz, ya ɗora mita a kan waya ya auna, ashe akwatin ya fi 'yar guntuwar wayata ƙarfi da ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da kunne ba ya cewa "wannan ya fi ƙara", sai yace "wannan ya fi daɗi". Muka daidaita su, na juya baya ina kallon bango, shi yana sauya waya yana rubutawa a takarda. Na yi ta faɗa da ƙarfin gwiwa, wannan akwatin ne, wannan wayar ce. Da muka duba takardar kusan rabi na ci, kuma waɗanda na fi rantsuwa a kansu a ciki aka samu kuskure. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni a ranar na ga ma'anarsa ta zahiri, fitilar nan shuɗiya ita nake ji.

Amma kar 'yan DAC su yi murna da yawa don su ma suna da nasu. Da yawa daga masu arahar da ake yabo, irin Topping D10s ko SMSL SU-1 ko Modi ɗin da na ambata, ba su da ramin hedifon kwata-kwata, ta ramukan RCA, irin ja da farin nan na bayan rediyo, suke fitar da sauti, sai ka ƙara sayen amfilifaya ko kana da sifika mai wutar kanta, mutum ya ɗauka abu ɗaya zai saya ya ƙare da akwati biyu da wayoyi. Irin su FiiO E10K da K3 su ne suke haɗe da amfilifaya da abun murɗa bolum. Sannan kusan dukkansu ba su da ramin makirfo. Sannan USB ba tsafi bane, wayar tana ɗauke da layin ƙasa na kwamfutar, in ka jona DAC ɗin da sifikun da su ma suke da nasu filogi a bango, dattin yana iya zagayowa ta nan ka ji guuuu ɗin wutar gida na 50 ko 60 Hz ko ma zzzz ɗin maus ɗin ya dawo. Maganin wannan wayar haske ce, TOSLINK ɗin da Toshiba ta ƙirƙiro tun 1983, haske ne yake wucewa ba lantarki ba, ba ta inda dattin zai bi. In bod ɗinka yana da wannan ramin, DAC mai karɓarsa ya fi min mai 768 kHz nesa ba kusa ba.

Shi kuma kat har yanzu akwai mai buƙatarsa. In kana da sifiku shida na 5.1 masu jak uku, DAC ɗin tebur ba zai maka komai ba don hagu da dama kawai ya sani. In kana gem kana magana da abokai, kana son makirfo da hedifon da daidaita muryar gem da ta hira a wuri ɗaya, abu irin Sound BlasterX G6 yana yi, kuma ka lura shi ma a waje yake zama ta USB, sunan kat ne kawai ya bi shi. Na ciki ma irin AE-5 da ya fito a 2017 ba a raina amfilifayarsa. Abun da yake sa ni ja da baya da kat na ciki dogaro da direban kamfani ne, ranar da suka gaji da sabunta shi kat ɗinka lafiyarsa ƙalau amma ya zama ado, ga shi ba ya shiga laftof, ba ya shiga waya. DAC ɗin USB da yake bin tsarin gama-gari kuwa ba ruwansa, Mac da Linux sun daɗe suna gane shi, Windows 10 ma tun sabuntawar 2017 take gane USB Audio Class 2 da kanta, ka cire daga wannan kwamfutar ka soka a waccan ya ci gaba da aiki. In kuwa murya kake ɗauka da gaske da makirfo mai neman wutar 48V, duk ka bar su biyun, irin Focusrite Scarlett kake nema, shi ma DAC ne a ciki kuma ya ishe ka sauraro.

Wani abun da nake so mutane su riƙa tunawa kafin su biya kuɗin tambari a jikin akwati shi ne labarin MQA, wani tsarin fayil ɗin waƙa da aka riƙa tallata shi da sunan babban inganci. Shekaru ana sayar da DAC da wannan tambarin a matsayin ƙarin daraja, kamfanin MQA ɗin ya durƙushe a 2023, Tidal, manhajar sauraron waƙa ta intanet da ita ce babbar mai amfani da shi, ta ajiye shi a 2024 ta koma tsarin fayil na FLAC. Waɗanda suka zaɓi na'ura saboda shi yanzu fitilar MQA ɗin da ke jikinta da wuya take kamawa.

Kuɗin da ya rage maka ka zuba shi a hedifon ko sifika, don a nan bambancin ba sai an juya baya an yi gwaji ba, hedifon biyu suna iya bambanta da desibel biyar ko goma a bes kaɗai, alhali DAC biyu masu lafiya bambancinsu ba ya kai ɗigon desibel. Ko matso da sifika daga jikin bango, ko ɗaga ta daga kan tebur ta kalli kunnenka, ya fi sauya cif tasiri. Akwai kuma manhajar Equalizer APO a Windows, kyauta ne, ka rage inda hedifon ɗinka yake soka kunne ka ƙara inda ya gaza. Ka kuma leƙa saitin sauti ka kashe abubuwan "ƙara armashi" da suke zuwa a kunne tun daga kamfani, na sha ganin laftof da ake zagin cif ɗinsa ashe wata manhaja ce take matse sautin.

Kwanaki wani abokin aikina ya kira ni yana murna ya sayi DAC, wai in zo in ji yadda sauti ya buɗe. Na je na tarar da akwatin a kan tebur, fitila tana ci, an jona shi da kwamfuta tsaf, ramin gabansa kuma ba komai a ciki. Hedifon ɗin da ke kansa na Bluetooth ne. Irin wannan hedifon lambobi yake karɓa ta iska, DAC ɗinsa da amfilifayarsa a cikin kunnen suke, haka ma hedifon mai USB, haka ma sautin da ya bi HDMI ya fita ta talabijin, duk ba sa bi ta akwatin ko kaɗan. Sati biyu kenan yana jin bambanci. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na miƙa hannu ta bayan tebur na zare wayar akwatin, waƙar ta ci gaba, shi kuma yana ta gyaɗa kai ido a rufe yana ce min ka ji bes ɗin nan kuwa?